IDAN AKA RUFE MAKARANTA, WA ZAI RIƘE KARATUN YARANMU?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar hatsi na Agege ya gabatar a taron iyayen yara na ƙungiya)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

Bayan haka, an nemi in yi magana a kan karatun yaranmu na firamare a lokacin annobar korona, da irin taimakon da ya kamata a ce iyaye sun samu. Na san wani zai ce a ransa, Alhaji, ai wannan zance ya wuce, me ya kawo shi yanzu? Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar tun ranar 5 ga Mayu, 2023. To amma yaran da suke aji 1 da aji 2 a shekarar 2020, yau ga su nan a ƙaramar sakandare ko a bakin shiga. Ku kira ɗaya daga cikinsu, ku miƙa masa takardar da aka rubuto daga makaranta, ku ce ya karanta muku. Wani zai karanta sumul, wani kuwa sai ka ga gumi yana karyo masa. Ciwon ya warke, tabon yana nan a gidajenmu. Abin da ya sa na karɓi wannan magana ke nan.

Bari mu tuna yadda abin ya faru, domin mantuwa ta yi mana yawa. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya, kuma a nan Legas. Ranar 19 ga Maris Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin a rufe makarantu, nan jiharmu kuwa aka rufe daga Litinin 23 ga wata. Daren 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Kasuwannin abinci aka ce su riƙa ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, shi ma ba kullum ba. A cikin wannan hali azumi ya kama mu ranar 24 ga Afrilu. An fara sassauta kullen ranar 4 ga Mayu, kasuwa ta soma motsi, amma makaranta tana nan a garƙame. Sai 21 ga Satumba aka soma buɗewa kashi-kashi, waɗansu azuzuwan sai cikin Oktoba. Yara ba su gama ɗumama benci ba sai ga tarzomar EndSARS da dokar hana fita ta 20 ga Oktoba, aka sake komawa gida. In kun lissafa, fiye da wata 6 ke nan yaro ɗan shekara 7 bai ga allon aji ba.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, a faɗi gaskiya. An sa darussa a gidan talabijin na LTV da gidajen rediyon jiha, wato Radio Lagos da Eko FM. Makarantun kuɗi kuma suka buɗe zaurukan WhatsApp, manya daga cikinsu har da Zoom, malami yana gidansa yara suna kallonsa ta waya. Shi ne abin da aka kira karatu daga gida. Abin tambaya shi ne, wannan ruwa da aka saki, ya iso gonarmu kuwa? A yawancin gidajenmu bai iso ba, kuma ina ganin dalili huɗu ne.

Na farko waya. Gida mai yara biyar, babbar waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. Da ita yake jin labarin motar kaya, ko ta taso daga Dawanau, ko an tsare ta a hanya, da ita ake turo masa kuɗi. Ya fita tun asuba, sai bayan isha'i zai dawo. Malama ta turo aiki ƙarfe 9 na safe, yaro bai gani ba sai dare, in ma akwai data ke nan.

Na biyu wuta. Darasin talabijin lokaci gare shi, wuta kuwa ba ta san lokaci ba. Wanda ke da ƙaramin janareto, in ya samu na mai, da dare zai tayar saboda zafi da sauro.

Na uku harshe. Darussan nan da Turanci ake yi, waɗansu da Yarbanci. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Yarbanci kamar jakin Kano da kara, to amma uwar da ke tare da su a ɗaki fa? Wata an kawo ta daga Ɗanbatta ko Illela ko Maraɗi, ba ta jin ko ɗaya daga cikin biyun. Yaro ya tambaye ta abin da malamin rediyo ya ce, sai ta ce jira babanka. Baban ya dawo a gajiye, sai ya ce gobe.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ciki da wurin zama. Mafi yawanmu gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ɗakuna suna kallon juna, mutum goma suna bin famfo ɗaya. Mai dako da mai yankan farce da mai gyaran takalmi da mai tura baro, sai sun fita suke ci. Wanda bai san inda abin buɗa-baki zai fito ba, ba za ka yi masa zancen data ba.

To me ya biyo baya? Duk mun gani da idanunmu. Yaro yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, sai aka ce ya zo rumfa ya riƙa miƙo leda. Ya ɗanɗana kuɗi, da aka buɗe makaranta sai ya ce shi ya gama. Yarinya aka ɗora mata tiren talla, wai kafin a koma, har yau ba a koma ba. Da aka buɗe hanyoyin jihohi cikin Yuli, waɗansu suka tattara iyali suka aika gida Arewa, yaro bai shiga makarantar can ba, ya dawo kuma ya tarar an wuce shi a nan. Malaman ƙananan makarantun kuɗi da na Islamiyya, waɗanda albashinsu daga kuɗin wata na yara yake fitowa, suka yi watanni ba ko sisi. Da dama suka kama wata sana'a, ba su waiwayi aji ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta, alhali kafin annobar 57 ne. Amma in ana ruwa, wanda rufinsa yake yoyo tun da can shi ya fi jiƙa.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. A cikin wannan hali duka, akwai gidajen da yaransu ba su zube ba, kuma ba gidajen masu kuɗi kaɗai ba ne. Na lura da su a layinmu, na tambayi 'yan'uwa na Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, labarin ɗaya ne. Gidan da aka samu babba guda ɗaya, ko uwa, ko yaya, ko maƙwabci, wanda ya tsayar da lokaci ya ce kullum bayan karin kumallo kowa ya ɗauko littafinsa, ya zauna yana kallonsu na awa ɗaya, wannan gida ya tsira. Gidan da aka saya wa yaro waya mai tsada aka bar shi da ita shi kaɗai, wallahi wasan ƙwallo da finafinai ya koya. Waya da rediyo da talabijin kamar motar kaya suke, su kawo buhu bakin kasuwa su sauke. In babu mai karɓa ya shigar rumfa ya auna, a nan zai kwana ruwa ya dake shi.

Har masana sun gwada wannan. A ƙasar Botswana, a shekarar 2020 da makarantu suke rufe, an riƙa aika wa iyayen 'yan firamare ɗan saƙon lissafi ta ƙaramar waya sau ɗaya a mako, sa'an nan wani malami ya kira ya yi kamar minti 20 yana bi da yaron, uwa ko uba suna gefe. Da aka auna, yaran da aka yi wa saƙo da kira sun fi sauran ci gaba a lissafi. Ku lura, ƙaramar waya ce irin ta hannun kowace Hajiya a nan, babu intanet babu data.

Mu kuwa jama'a, wannan tsari ai namu ne tun kaka da kakanni. Ni allo da Islamiyya na yi, ban zauna ajin boko mai nisa ba. A makarantar allo malam ɗaya ne, almajirai sun fi hamsin, ta yaya karatu yake tafiya? Gardi yana biya wa na ƙasa da shi, shi kuma yana biya wa ƙolo. Kowa da inda allonsa ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya. Lokaci sananne ne, da asuba da yamma da dare. Ba wuta, ba benci, ba data. To me zai hana 'yar aji 6 ta biya wa ɗan aji 2 baƙaƙen boko a tsakar gida kamar yadda ake biya babbaƙu da farfaru? Abin da ya rage mana kawai mu ɗauki karatun boko da irin nauyin da muka ɗauki wancan.

Iyayenmu mata, da ku nake yanzu. Ina jin waɗansunku suna cewa, ni jahila ce, me zan koya masa? Hajiya, ki daina faɗin haka. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take riƙe adashin mutum 20 a ka ba ta taɓa ɓata lissafi ba, take sayar da ƙosai ta san ribar kowane mudu na wake, wa ya isa ya kira ta jahila? Ko ba ki iya karanta boko ba, kina iya sa shi ya zauna a kan lokaci. Kina iya cewa ya karanta da ƙarfi kina ji, ya fassara miki da Hausa, in ya kasa fassarawa kin san bai gane ba. Kina iya buɗe littafinsa ki ga ko shafin jiya ne ko an ƙara. Kina iya zuba masa wake ki ce ya kasa kashi huɗu daidai, ko ki ce an sayi ƙosan naira 350 an ba da 500, nawa ne canji? Wannan duk karatu ne. Yaron da ya san uwarsa za ta tambaya, ba ya wasa.

Mu kuma maza, ina tuna muku watan Afrilu na shekarar. Da aka ce 'yan daba suna shiga unguwanni da dare, cikin kwana biyu muka haɗa sintiri. Aka yi karo-karo, aka sayi tocila da usur, aka raba dare, kowa ya san ranarsa, mu da maƙwabtanmu Yarbawa. Ba mu jira takarda daga Alausa ba. Mun iya tsari sarai in dukiya ce za ta salwanta. To karatun yaro ma dukiya ce, sai dai ɓarawonta ba ya fasa ƙofa, shi ya sa ba a jin ihu.

Kada kuma wani ya ɗauka ba za a sake rufe makaranta ba. A 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas an ɗage komawa makaranta. A 2020 aka rufe sau biyu. Ambaliya tana hana yara fita, yajin aiki yana zuwa, lokacin zaɓe ma akan ba da hutun dole. Ba fata muke yi ba, Allah ya kiyaye, amma da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina roƙon shugabanni su duba waɗannan shawarwari guda bakwai.

Na ɗaya, a yi rajista. Kowane layi a samu mutum ɗaya da mace ɗaya su bi gida-gida su rubuta yaran firamare: suna, aji, makaranta, da lambar wayar da ke kwana ta wuni a gida, wato ta uwa. Yau in aka tambayi ƙungiyar nan yara nawa ne suka bar makaranta tun 2020, sai dai mu yi ta kame-kame. Ɗan kasuwar da bai san buhu nawa ke rumbunsa ba, bai san ranar da aka yi masa sata ba.

Na biyu, kowane uba ya je makarantar ɗansa da ƙafarsa ya ga hedimasta, ya karɓi lambar malamin aji, ya ba da ta gida. A daina tura yaro shi kaɗai da takarda. A riƙa halartar taron iyaye da malamai, wanda ba ya jin Turanci ƙungiya ta haɗa shi da tafinta. In ba sa ganinmu lokacin lafiya, ba za su tuna da mu lokacin kulle ba.

Na uku, asusun ilimi, dabam da asusun jana'iza da na belin 'yan'uwa. Ina ba da shawarar kowace rumfa naira 500 a mako, mai ƙarfi ya ƙara. A buɗe masa littafi, a riƙa karanta shiga da fita a gaban jama'a duk wata, domin abin da ke kashe asusu a wurinmu shi ne rashin bayani.

Na huɗu, daga wannan asusu a sayi rediyo mai caji da hasken rana, da ƙaramin allo da alli, da littattafan karatu na aji 1 zuwa 3, a ajiye a kowane babban gida a hannun mace mai amana. Rediyo ɗaya ya ishi yara goma. Wanda yake da babbar waya kuma, akwai manhajar karatu ta kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. Samarinmu su koya wa iyaye yadda ake shiga.

Na biyar, samari da 'yan matanmu da suka gama sakandare ko kwalejin horon malamai suna zaune ba aiki, a ɗauke su a riƙa ba su ɗan alawus. Kowane ɗaya a ba shi gida biyar ko shida. In lafiya lau ake, ya tara su da yamma. In annoba ce aka hana taro, ya riƙa kiran wayar uwa sau biyu a mako, ya ba da aiki, ya ji karatu. Idan hukuma ta yarda a haɗu kaɗan-kaɗan, to a fili, da tazara, da wanke hannu da takunkumi. Ba mu ce a karya dokar likita saboda karatu ba, rai shi ne gaba.

Na shida, malamanmu na Islamiyya kada a sake barinsu da yunwa. In an rufe makaranta a ci gaba da biyan ko da rabin kuɗin wata ne. Su kuma ina roƙonsu, Allah ya gafarta malam, a cikin jadawalin yamma a ware rabin awa na karatun Hausa da lissafi ga ƙanana. Yaron da ya iya karanta harshen uwarsa, Turanci ba ya yi masa wuya.

Na bakwai, kuma wannan ba ya jiran wata annoba, a nemo waɗanda suka zube. Duk yaron da ke cikin rajista a gwada shi, ba don a kunyata shi ba: ya karanta layi biyar, ya yi haɗawa da ɗebewa. Wanda ya kasa a koma da shi inda allonsa ya tsaya, ko da yana sakandare. Wanda ya bar makaranta gaba ɗaya, dattawa su je su zauna da ubansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, makarantar gwamnati tana karɓar ɗan Bahaushe kamar yadda take karɓar ɗan kowa.

Na san abin da ake faɗa a rumfuna. Wai ga masu digiri nan suna yawo da takardu, gara yaro ya koyi kasuwa tun da wuri. 'Yan'uwa, kasuwar yau ba ta iyayenmu ba ce. Mahaifanmu sun kawo goro da shanu da amana da lissafin ka, ya ishe su. Yau kuɗi ta waya ake turowa, akwai mai nuna maka saƙon banki na ƙarya ya ɗebi kaya. Takardar hayar rumfa da Turanci take, ta haraji haka, ta asibiti haka, ta kotu haka. Mutum nawa a cikinmu suka dangwala hannu a kan abin da ba su karanta ba, daga baya suka yi kuka? Mu baƙi ne a idon waɗansu ko da an haifi kakanmu a Agege. Wanda ke zaune a garin da ba a rubutu da harshensa, in ɗansa bai iya karatu ba, kullum a hannun tafinta zai ƙare. Ina son ɗana ya gaji rumfata, amma ya gaje ta yana karanta abin da zai sa wa hannu. 'Ya mace kuwa ita ce malamar da za ta zauna da jikokinmu ranar da aka sake rufe makaranta, wanda ya cire ta daga aji yau ya rufe makarantar gidan wani gobe.

Wani kuma zai ce ai aikin gwamnati ne. Na yarda, haƙƙinmu ne mu nema, muna biyan haraji a jihar nan, kuma ya kamata shugabanninmu su kai kuka a riƙa sa darasin rediyo da Hausa domin unguwanninmu. Amma kafin amsa ta dawo, yaro yana girma, shekarunsa ba sa jiran fayil. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina roƙon shugaba, kafin a tashi daga taron nan, a naɗa mutanen da za su fara rajistar layi-layi, a sa musu ranar kawo rahoto a taro mai zuwa. Ni na ɗauki nauyin littattafan rajistar da allo biyar, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni ƙarfi a zauren nan.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a lokacin annoba, ya kare mu daga irinta. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.